Yadda Na Ɓata Murhun Gas Ɗinmu Da Hannuna, Da Yadda Aka Yi Ya Gyaru

Yau ba maganar waya ko data zan yi ba, kicin za mu shiga. Na san wani zai ce me ya haɗa wannan shafi da murhun girki. To ai shi ma na'ura ne, kuma yadda ake bin diddigin matsalarsa kusan ɗaya ne da yadda muke bin ta waya. Bambancin kawai, kuskure a nan ya fi tsada. Ni na yi kuskuren, shi ya sa na ga gara in ba ku labari.

A hunturun da ya wuce ne. Murhunmu irin mai kai biyun nan ne da ake ɗorawa a kan tebur, wanda in ka murɗa makunnin zai yi ƙas ya kama da kansa. Tukunyar gas ɗin kuma, wato silinda, mai cin kilo 12.5 ce. Shekara uku muna amfani da shi lafiya lau. Sai uwargida ta fara ƙorafi cewa kan da ke hannun dama ya daina ci yadda ya saba. Wutar ta yi laushi, ta koma ruwan ɗorawa, ruwan shayi sai ya gaji da zama bai tafasa ba, gindin tukwanenta kuma ya yi baƙi ƙirin kamar a kan icce ta ɗora.

Ko leƙawa ban yi ba na yanke hukunci: mai gas ne ya cuce mu. Kun san yadda muke, da wuta ta canja kala sai a ce an haɗa gas ɗin da wani abu. Washegari na biya ta wajensa da shirin faɗa. Ya bari na gama zuba, sannan ya ce, "Alhaji, kai ɗaya ne yake yin haka ko duka biyun?" Na ce ɗaya ne. Ya ce, "To ai silinda ɗaya ce take ba su gas su biyun." Wallahi sai na rasa bakin magana. Na ce masa a yi haƙuri, na ja babur ɗina na tafi.

Tambayar nan tasa ita ce ya kamata kowa ya fara yi wa kansa. In wayarka ta ƙi caji, ai ba ka fara kwance ta. Sai ka gwada wata wayar a cajar, ka gwada wata cajar a wayar, ka gane ɓangaren da laifin yake. Haka murhu. In duka kawunan ne suka yi sanyi lokaci ɗaya, matsalar tana baya: ko gas ya kusa ƙarewa, ko tiyon ya lanƙwashe ko wani abu ya danne shi, ko rigileta ta gaji. In kai ɗaya ne, rabu da silinda da mai gas, laifin yana jikin wannan kan. Wanda kuma yake zargin an rage masa awo, akwai hanya mai sauƙi. A jikin yawancin silinda an buga nauyinta in ba komai a ciki, wani lokaci da haruffan TW a gaban lambar. Ɗora ta a sikeli ka cire wannan lambar, abin da ya rage shi ne gas ɗinka.

Da na tsaya a nan na yi tunani da kyau, da labarin bai yi tsawo ba. Amma sai na ba wani abokina labari a majalisa, ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, ramin da gas ke fitowa ne ya toshe, in samu basilla in buɗa shi. Na dawo gida na kashe rigileta, na kifa murhun, na gano ɗan ƙarfen mai ruwan ɗorawa da yake magana, wanda masu gyara ke ce wa nozul. Ramin da ke tsakiyarsa ɗan mitsitsi ne, da kyar ido yake ganinsa. Na sa basilla na murza, na sake murzawa, har sai da na ga haske yana wucewa sosai. Na mayar na kunna. Wuta ta tashi bal-bal, doguwa, tana lasar gefen tukunya. Har kiran uwargida na yi ta zo ta ga aiki. Ta kalla ta ce, "Baban yara, ai har yanzu ja ce." Na ce ke dai ba kin ce ba ta da ƙarfi ba? Ga ƙarfi nan.

Kwana biyu bayan nan ta fara ciwon kai. Kullum da yamma in ta gama girki sai ta ce kanta yana sarawa, tana jin jiri. 'Yarmu ƙarama da ke maƙale da ita a kicin ita ma sai ta yi lakwas, ranar ta uku har da amai. Da yake lokacin sanyi ne muka ce mura ce, aka sha magani. Tagar kicin kuwa a rufe take ruf saboda ƙura, har da tsumma aka toshe ƙasanta. Ita ce ta lura da kanta, ta ce abin mamaki in ta fito tsakar gida ta zauna kamar rabin awa sai ciwon ya sake ta, ranar da aka kawo mana abinci daga gidan biki ba ta kunna murhu ba kuwa ko kaɗan ba ta ji shi ba. Nan gabana ya faɗi.

Na ɗauki bidiyon wutar da wayata, na kwance nozul ɗin na sa a aljihu, na tafi kasuwa wajen wani dattijo da ya daɗe yana gyaran risho da murhun gas. Ya kalli bidiyon, ya ɗaga nozul ɗin ya duba a hasken rana, ya ce, "Ɗana, wa ya yi maka wannan aikin?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya yi dariya har da tafa hannu. Sannan ya ɗauko wani tsohon murhu a gefensa ya kifa, ya nuna min abin da ban taɓa lura da shi ba duk da na kifa nawa.

Ga yadda abin yake. Gas ba ya ci shi kaɗai, sai ya haɗu da iska, kuma iska mai yawa. Gas ɗin girki haɗin furofen ne da biyuten, kuma kowane awo ɗaya nasa yana buƙatar iska kamar ninki 24 zuwa 31 kafin ya ƙone tas. Shi ya sa aka yi ramin nozul ƙarami, a murhun gida yawanci bai kai milimita ɗaya ba. Gas yana fitowa ta wannan ɗan rami da gudu, ya tsallaka wani ɗan fili, ya shiga bututun da ke kai shi zuwa kan murhu. Wannan gudun shi ne yake janyo iska ta shiga bututun tare da shi, su cakuɗu a hanya. In haɗin ya yi daidai wuta za ta fito shuɗiya, gajera, a tsaye cak. In iska ta yi kaɗan sai ta koma ruwan ɗorawa, ta yi tsawo tana rangaji, tana barin kunkunniya a gindin tukunya. Irin wannan wutar kuma tana fitar da kabon monoksaid, gubar nan da ke cikin hayaƙin janareta da muke jin ta kashe mutane a ɗaki cikin barci. Ba ta da wari, ba ta da kala. Alamunta na farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, abin da kowa zai ɗauka mura ce ko zazzaɓi.

Wato tun farko matsalarmu ta ƙarancin iska ce, ni kuma na je na ƙara gas. Nozul tagulla ce, tana da laushi, basilla kuwa ƙarfe ce, cinye ta take yi. Kuma in faɗin rami ya ninka sau biyu, girman ƙofar ya ninka sau huɗu ke nan. Baba ya ce wanda aka buɗa ba ya gyaruwa, sai dai sabo. Ya lalubo min daidai nawa a cikin wani gwangwani, kuɗinsa bai kai datar da nake saye ta sati ba. Ya ce in na je gida in leƙa cikin bututun kafin in ɗaura.

Bari in faɗi yadda na yi aikin dalla-dalla, don wanda nasa ke yin irin haka.

Na fara kashe rigileta a kan silinda alhali murhun yana ci, na bar gas ɗin da ke cikin tiyo ya ƙone har wutar ta mutu da kanta, sannan na kashe makunni na cire rigiletar gaba ɗaya. Na jira ƙarfen ya huce. Na fito da murhun tsakar gida inda akwai haske da iska. Kafin in taɓa komai na ɗauki hoton samansa da ƙasansa, kuma duk abin da na cire sai na sake ɗauka. Kar ku raina wannan, lokacin mayarwa za ku gode wa hoton. Na ɗage ƙarfen da ake ɗora tukunya, na cire hular kan murhun mai ƙananan ramuka a kewaye, na kwance sukurun da ke riƙe da bututun na zaro shi.

Na haska tocilan waya a ciki. Jama'a, yanar gizo ce cunkus, ta gaske fa, ba wadda muke hawa da data ba. Ga matattun kyankyasai guda biyu, ga busasshiyar miya da ta taɓa tafasowa ta gangara ciki, ƙurar hunturu ta zo ta liƙe komai ya zama kamar auduga. Ta ina iska za ta wuce? Na sa tsinken tsintsiya da ɗan tsumma a bakinsa na zaƙulo, na wanke da ruwan ɗumi da omo. Hular kuma na jiƙa ta kamar minti 20, na goge da tsohon buroshin haƙori, na bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da tsinken sakace. Kusan kashi ɗaya cikin uku a toshe suke. Na shanya komai a rana ya bushe ƙayau, don in da sauran ruwa a ciki wuta za ta riƙa tartsatsi ko ta ƙi kamawa.

Nozul ɗin ɗaya kan, wanda ban ɓata ba, shi ma na duba shi. Na sa kyamarar waya na zuƙo hoton ramin, sai ga ɗan datti a gefe. Yadda Baba ya koya min: ka feɗe tsohuwar wayar lantarki mai sili-sili, ka zaro sili ɗaya tak, ka zura a hankali ka fitar, sannan ka hura. Silin siriri ne kuma ya fi nozul laushi, ba zai ci ramin ba. Ba allura, ba basilla, ba ƙusa.

Da na mayar da komai na kunna, wutar ta fito shuɗiya amma da ɗan ja a bakinta. A ƙasan irin wannan murhun, daidai inda nozul ke fuskantar bututu, akwai wani ɗan faifan ƙarfe da ake turawa gefe, shi ne ƙofar iska. Na riƙa buɗe shi kaɗan-kaɗan ina kallon wutar. Da na buɗe da yawa sai ta fara huci tana ɗagewa daga kan murhun kamar za ta tashi sama, alamar iska ta yi yawa ke nan. Na ɗan rage, ta zauna. Wani abin lura: a lokacin ƙura za ka ga wuta shuɗiya tana ɗan walƙa ruwan lemo jefi-jefi. Wannan ƙura ce ke ƙonewa, ba matsala ba ce. Wadda ake tsoro ita ce mai ruwan ɗorawa da ba ta canjawa, mai baƙanta tukunya.

Akwai masu sayen manyan murhu na hannu da ake kawowa daga Turai. A can gidaje da yawa gas ɗin bututu suke amfani da shi, wanda ramin nozul ɗinsa ya fi na gas ɗin silinda faɗi. In ka haɗa irin wannan da silinda ba a canja nozul ba, daidai yake da abin da na yi da basilla. Duba takardar da ke liƙe a bayansa. In ka ga an saita shi a kan G20, na gas ɗin bututu ne. Namu na silinda G30 ne ko G31.

Sauran matsalolin da aka fi kawo kuka a kansu ba su da wuya. In makunni yana yin ƙas amma wuta ba ta kamawa, gwada da ashana, kuma ka fara kyasta ashanar kafin ka buɗe gas. In ta kama da ashana, gas lafiya lau, ɗan farin tsinken da ke ba da tartsatsi ne ya jiƙe ko maiƙo ya rufe shi, goge shi ka bar shi ya bushe. Murhun da ke yin ƙas-ƙas-ƙas a jere kuwa da yawansu batir ne a ƙasa, mutane sai su shekara ba su san da shi ba. In kuma naka irin wanda wuta ke mutuwa da zarar ka saki makunni ne, akwai wani ɗan ƙarfe kusa da wutar da aikinsa shi ne ya ji zafi ya bar gas ya ci gaba da zuwa. Danne makunnin kamar daƙiƙa 10 bayan ta kama. In duk da haka tana mutuwa, goge ƙarfen, in ya ƙi a kira mai gyara ya canja shi. Kar a yarda wani ya ce zai cire shi gaba ɗaya, shi ne ke tsayar da gas in miya ta kashe wuta ba kowa a kusa.

Na ɗauka na gama, sai na tuna Baba ya ce duk wanda ya motsa murhu ya yi gwajin kumfa kafin ya bar wajen. Na kaɗa omo a kofi, na buɗe rigileta, makunnan murhu a kashe, na shafa kumfar da soso a bakin silinda, da inda tiyo ya shiga rigileta, da tsawon tiyon, da inda ya shiga murhu. A wannan na ƙarshen sai ga ƙwai-ƙwai suna tasowa, suna girma suna fashewa. Bakin tiyon ya bushe ya tsattsage, kilif ɗin da ke matse shi ya yi tsatsa. Wataƙila jan da na yi ta yi wa murhun ne ya ƙarasa shi, wataƙila kuma ya daɗe yana yoyo, don uwargida ta sha cewa gas yana saurin ƙarewa ina cewa ita ce ba ta tattali. Na kashe, na je na sayo sabon tiyo na gas da kilif biyu. Na gas fa, ba tiyon ruwa ba, gas yana cin robar da ba tasa ba. Kuma ba a ɗaure tsaga da salatif ko robar tayar keke, abin da na sha gani a gidaje. In kumfa ta taso a bakin silinda, sau da yawa 'yar baƙar robar da ke cikin bakin ce ta lalace ko ta faɗi, masu gas suna da ita.

Don Allah kar wanda ya nemi yoyon gas da ashana. Har yanzu akwai masu yi.

Shi gas asalinsa ba shi da wari, da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi don hanci ya ji in yana fita. Ya fi iska nauyi, saboda haka ba sama yake tashi ba, ƙasa yake kwanciya, ya taru a ƙarƙashin tebur da lungu. Kuma in ya kai kamar kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki, tartsatsi ɗaya ya isa. In ka shiga kicin ka ji warin ya yi ƙarfi, rufe rigileta, buɗe ƙofa da taga, fitar da kowa. Kar ka taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa, kar ka ce bari in kunna fanka ta kore shi. Waya ma sai ka fita waje sannan ka yi kira, ko mai gas ɗinka, ko 'yan kwana-kwana, ko 112.

Akwai wuraren da ni yanzu ba na sa hannu ko da an ce min abu ne mai sauƙi. Rigileta ba a kwance ta a gyara, in ta lalace sabuwa ake saye, kuma ta gida mai kamar miliba 30, ba mai ƙarfin nan da masu abincin sayarwa ke sa wa manyan murhunsu ba. Bakin silinda ba na taɓa shi da sifana. Famfon da ke bayan makunni in ya ƙage ko yana yoyo, na mai gyara ne. Ita kanta silinda tana da wa'adi, hukumar SON mai kula da ingancin kaya a Najeriya ta sa mata shekara 15, kuma ana buga shekarar da aka ƙera ta a jikinta. Da na duba tamu da sauranta, amma ta gidan mahaifiyata ta wuce, mun canja.

Ciwon kan uwargida bai sake dawowa ba, yarinyar ma haka. Na ba wani ma'aikacin lafiya da muke unguwa ɗaya labari, ya yi min faɗa sosai, ya ce ranar da yarinya ta yi amai ya kamata a ce mun kai ta asibiti mun faɗi cewa muna zargin hayaƙi ne, ba mu zauna muna canki-canki ba. Na karɓi faɗan. Tsumman da ke ƙasan taga an cire shi, kuma ko ana ƙura sai an buɗe ta in za a yi girki.

Tukwanen da suka yi baƙi kuwa, guda biyar ne har da babbar ta tuwo. Ranar Asabar uwargida ta jero min su a bakin rijiya da toka da soson ƙarfe, ta ce tunda ni ne injiniyan, in ƙarasa aikina. Sai da na kai azahar ina gurza.